Yadda ake zaɓar daɓen motar ɗaukar dawaki da yadda ake kula da shi

Duk wanda ya yi niyyar mayar da babbar mota ta ɗaukar dawaki, ko don kai su hawan salla a Mirriya da Magariya, ko don sukuwa a Maraɗi, ko don tsallakawa da su Daura da Kano, abin da ya kamata ya fara kashe wa kuɗi shi ne daɓen bodi, kafin ya yi maganar fenti ko rumfa. Dokinmu na gida yakan kai kilo 300 zuwa 400, dawakin folo da ake shigowa da su kuma sukan haura haka, kuma wannan nauyi duka yana tsaye ne a kan kofato huɗu, fiye da rabinsa a kan ƙafafun gaba. Idan direba ya taka birki, ko mota ta faɗa rami, ko doki ya yi harbi, nauyin yakan taru a kan katako guda. Shi ya sa daɓen da ya shekara yana ɗaukar buhunan gero ba tare da ya nuna gajiya ba zai iya ɓurmewa a ƙarƙashin ingarma ɗaya, domin buhu yana baje nauyinsa, ba ya motsi, ba ya kuma fitsari. Idan ƙafar doki ta zurma mota tana gudu, direba ba ya ji daga gaba, kuma da wuya dokin ya sake moruwa.

Kayan da za a tanada

Na aiki: mitar awo, alli, guduma, babbar sukundireba mai kaifin baki, tocila, zarto, injin huda da bakinsa na katako da na ƙarfe, sifanoni, burushin ƙarfe, injin gurza ƙarfe, wuƙa mai kaifi, da burushin fenti. Walda kuwa a bar wa mai walda wanda ya saba da bodin manyan motoci.

Na shimfiɗa: jan katako mai kaurin santimita 4 zuwa 5, ƙusoshi masu noti masu kaurin milimita 10 waɗanda kansu yake a mulmule, wosha da noti, fentin hana tsatsa, baƙin fenti na kwalta, roba mai kaurin milimita 12 zuwa 20, da ƙarfe mai faɗi don danne bakin roba. Don wanki kuma a nemi tsintsiya mai ƙarfi, shebur, bokiti, garin sabulu da girezil, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Mataki na 1: Cire tsohon daɓe da duba ƙarafan ƙasa

Kada a shimfiɗa sabon abu a kan tsoho. Mutane da yawa sukan ɗora faifan ƙarfe ko sabon katako a kan ruɓaɓɓen daɓe don rage wahala, alhali damshi yana shiga tsakanin biyun ya zauna, ya cinye sabon tare da tsohon. A cire komai har sai ƙarafan da suka gitta shasi sun bayyana, sannan a kankare su da burushin ƙarfe, a bi su ɗaya bayan ɗaya da guduma. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai tsabta, wanda tsatsa ta ci kuwa sai ya yi sauti maras amo, yana zubar da ɓawo ja. A fi mai da hankali ga wuraren walda, da inda bodi ya zauna a kan shasi, da saman tayoyin baya inda ruwa da tsakuwa suke dukan ƙarfe.

Daga nan a auna tazarar da ke tsakanin ƙarafan gicciyen. Motocin kaya irin su Canter da Dyna, waɗanda aka fi juyawa su zama na dawaki a nan Damagaram, sukan zo da tazara mai faɗi, saboda ba don dabba aka ƙera su ba. Abin da nake nema shi ne santimita 30 zuwa 40 daga ƙarfe zuwa ƙarfe. Idan ta wuce haka, a sa mai walda ya ƙara wasu a tsakani, amma ya ɗaura su ga ƙarafan bodi, kada ya huda babban ƙarfen shasi ko ya yi masa walda, domin zafin walda yana raunana shi. Kafin a kunna injin walda a cire wayar batir, a kuma rufe tankin mai da wayoyin lantarki da bututun birki da jiƙaƙƙen buhu. Bayan an gama, a shafa fentin hana tsatsa sau biyu, a bar na farko ya bushe sarai kafin na biyu, sannan a bi da baƙin fenti na kwalta, musamman a saman ƙarfen inda katako zai kwanta.

Mataki na 2: Zaɓen abin da za a yi daɓen da shi

A nan ne ake yawan gardama tsakanin mai mota da mai walda, domin mai walda faifan ƙarfe zai ce a sa, kafinta kuma katako. Ga yadda kowanne yake a aikace.

Faifan ƙarfe mai zane yana da ƙarfi, gara ba ta cin sa, kuma a rana ɗaya ake gama shi. Aibinsa uku ne. Na farko, a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram yake haura digiri 40, ƙarfen yana ɗaukar zafin rana da na salansa da na kwalta, har ya zama ba a iya dafa shi da hannu. Na biyu, da zarar fitsari ya zuba a kai sai ya koma santsi, musamman ga dokin da aka sa wa takalmin ƙarfe. Na uku, yana ƙara da jijjiga, abin da ke firgita dokin da bai saba da mota ba. Wanda ya riga ya sami motarsa da irin wannan daɓe, kuma kaurinsa ya kai milimita 4 ba tsatsa, ba sai ya cire ba, amma dole ya huda masa ramukan fitar ruwa ya kuma rufe shi da roba mai kauri.

Alminiyom yana zuwa ne a kan motocin dawaki da aka yi amfani da su a Turai. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, ba ya kuma yin jar tsatsa, abin da ke sa mutane su ɗauka ba ya lalacewa. Fitsarin doki yana cin sa, yana barin farin gari da ƙananan ramuka a ƙarƙashin roba, kuma duk inda ya haɗu da baƙin ƙarfe cikin damshi, a nan yake fara ruɓewa. Ga shi kuma ba kowane mai walda ne yake da injin da ke kama shi ba. Idan mota ta zo da shi lafiya a riƙe shi da wanki, amma ba na ba kowa shawarar ya je neman sa.

Filawud mai baƙar fuska, wanda aka yi don jure ruwa, yana da kyau idan na ainihi ne kuma kaurinsa ya kai milimita 21 ko fiye, sai dai ruwa yana shigarsa ta bakin da aka yanka da ramin ƙusa, ya ruɓe daga ciki fuskarsa tana nan tana sheƙi. Filawud na kabad da silin kuwa ko kusa da wannan aiki kada a kai shi.

Abin da na fi yarda da shi a yanayinmu shi ne jan katako mai nauyi da roba a sama wadda ake iya ɗagawa. Katako ba ya ɗaukar zafi kamar ƙarfe, yana shanye jijjiga, yana nuna alama kafin ya karye, kuma idan ɗaya ya lalace ana iya cire shi kaɗai a sa wani, ko da a Tanut ko Gure abin ya faru. A cikin itatuwan da ake samu, kawo da loko su ne gaba wajen jure damshi da gara, maɗaci yana biye da su. Ƙirya ta fi su duka tauri, amma da wuya a same ta doguwa miƙaƙƙiya, kuma tana cinye bakin zarto. Farin katako da ake rufin ɗaki da shi ba ya riƙe noti, gara kuma tana son sa, don haka arharsa kada ta ruɗi kowa. Azarar giginya ma ba ta dace ba, saboda tana tsagewa tana fitar da tsinke mai shiga kofato.

Idan aka je wurin masu sayar da katako, a ɗaga kowane ɗaya a duba shi ta tsawonsa da ido guda don ganin ko ya karkace. A ƙi mai babban ƙulli a tsakiya, da mai tsagewa daga baki, da mai farin gefe da yawa, domin farin nan shi ƙwari suke fara ci. Wasu sukan shafa wa farin katako jan ruwa don ya yi kama da na ƙwarai, saboda haka a kankari gefe da wuƙa a ga launin ciki, a kuma gwada nauyinsa a hannu.

Mataki na 3: Awo da lissafin nauyi

A ɗauki misalin bodi mai tsawon mita 6 da faɗin mita 2 da santimita 30, wato kusan murabba'in mita 14. Idan faɗin kowane katako santimita 20 ne, za a buƙaci jeri 11, a ƙara biyu na ajiya. Jan katako mai kaurin santimita 4 da rabi a wannan fili zai kai kilo 450 zuwa 500, robar milimita 17 kuma kusan kilo 20 take a kowane murabba'in mita, wato kilo 280 ke nan. Jimilla an haura kilo 700, nauyin dawaki biyu, tun kafin a ɗora doki ko ɗaya. A duba nauyin da takardar mota ta yarda a ɗauka, a cire na daɓe da na shingayen raba dawaki da na ruwa da ciyawa da ƴan barga, abin da ya rage shi zai nuna yawan dawakin da motar za ta ɗauka. Game da fili, dokar Tarayyar Turai ta 2005 kan jigilar dabbobi ta ware wa kowane babban doki santimita 70 a faɗi da mita 2 da rabi a tsawo. Ba dokar ƙasarmu ba ce, amma ma'auni ne mai amfani ga wanda yake tsara inda kowane doki zai tsaya.

Mataki na 4: Busar da katako da shafa masa magani

Yawancin jan katakon da ke zuwa mana daga kudu yake fitowa, kuma yakan iso da sauran ruwa a jikinsa ko da fuskarsa ta bushe. Idan aka ɗaure shi a haka, iskar hunturu za ta tsotse shi, ya tsuke, ya tsage a ramin ƙusa, notuna su saki. A jera shi a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa a kan bulo saboda gara, a sa ƙananan sanduna tsakanin kowane jeri don iska ta ratsa, a danne saman da abu mai nauyi, a bar shi mako huɗu zuwa shida. Kada a shanya shi a rana don sauri, zai murɗe. Wanda yake son motarsa ta yi hawan salla da sabon daɓe, sai ya sayi katakon wata biyu kafin lokacin.

Bayan ya bushe, a yanka shi daidai awo, a huda ramukan, sannan a shafa magani, domin idan aka shafa kafin yanka, bakin da zarto ya bi zai zauna a buɗe. Ƙasan katako da gefunansa da bakinsa su sha baƙin fenti na kwalta sau biyu, a ɗiga shi har cikin ramin ƙusa. Saman kuma a shafa masa maganin gara na katako a bar shi ya sha iska kwanaki har warin ya tafi. An saba a garejinmu a yi wa katako wanka da baƙin man inji, kuma gaskiya ne yana korar ƙwari, amma a saman daɓen dawaki yana kawo santsi, yana kumbura roba ya lalata ta, kuma ba abu ne da ake son ya taɓa kofato ko ciyawar da doki zai ci ba. Idan babu wani abu sai shi, a tsaya a ƙasan katakon kawai.

Mataki na 5: Shimfiɗa katako da ɗaure shi

Katako yana bin tsawon mota ne, ya gitta ƙarafan gicciye, ta yadda kowane ɗaya zai kwanta a kan ƙarafa da yawa. A fara daga tsakiya a nufi gefuna, don idan akwai wanda za a rage wa faɗi ya zama na jikin bango inda kofato bai cika tsayawa ba. Idan katako bai kai tsawon bodi ba, dole mahaɗar ta faɗo a kan ƙarfe, kowane baki da ƙusarsa, kuma kada mahaɗun jeri biyu masu maƙwabtaka su zo a kan ƙarfe guda. Bakin katakon da aka bari yana lilo tsakanin ƙarafa biyu shi ne tarkon da ya fi kowanne haɗari a wannan aiki.

A bar tazara tsakanin katako da katako don fitsari da ruwan wanki su sami hanyar fita. Girman tazarar ya danganta da lokacin da ake aikin: idan cikin rani ne da busasshen katako, a bar milimita 6 zuwa 8, domin zai kumbura da damina, idan cikin Agusta ne, milimita 3 sun isa, domin zai tsuke da kansa. A sa ɗan guntun ƙarfe mai wannan kauri a tsakani a riƙa gusa shi, don tazarar ta zama iri ɗaya. Kada ta wuce santimita ɗaya ko yaya.

Kowane katako ya sami ƙusoshi biyu masu noti a bakinsa na gaba da na baya, a tsakiya kuma a kan kowane ƙarfe ko a tsallake ɗaya, ana sauya gefe. Ramin ya yi nesa da bakin katako da aƙalla santimita 3. Kan ƙusar ya nutse daidai da fuskar katako, kada ya yi tsini a sama, kada kuma a ɗaure shi da ƙarfin da zai nutsar da shi ya bar rami mai tara fitsari. A ƙasa a sa wosha da noti biyu, na biyun ya kulle na farko, domin hanyoyin ƙauye marasa kwalta suna kwance noti guda cikin ƴan tafiye-tafiye. Ƙusar kafinta ta bugawa da guduma ba ta da wuri a nan, jijjiga tana tura ta sama a hankali har ta soki kofato.

Abu biyu na ƙarshe a wannan mataki: a sa faifan ƙarfe tsakanin salansa da katako tare da ƴar tazara ta iska, sannan a tabbata akwai marufi a saman tayoyin baya da zai tare ruwa da tsakuwa.

Mataki na 6: Roba

Roba tana hana santsi, tana rage gajiyar ƙafa a doguwar tafiya irin ta Damagaram zuwa Yamai, wadda ta kusa kilomita 900, tana kuma kare katako daga kofato. Amma ita ce kuma take ɓoye ɓarna, domin fitsari yana bi ta mahaɗa da gefe ya kwanta a ƙarƙashinta inda iska ba ta kaiwa. Saboda haka ƙa'ida ta farko ita ce kada a manna ta da gam, kada kuma a buge ta da ƙusoshi ko'ina. A yanka ta gunduwa-gunduwa ta faɗin mota, kowace kamar mita ɗaya, wadda mutum biyu za su iya ɗagawa su fitar. Robar da ta yi nauyin da sai mutum biyar sun taru, ba wanda zai ɗaga ta sai ranar da daɓe ya ɓurme.

Wajen yanka, a ja layi da alli, a ɗora robar a kan guntun katako don layin ya buɗe, a riƙa tsoma wuƙa cikin ruwan sabulu, a bi layin sau da yawa ba tare da matsawa ba. A bar santimita ɗaya tsakaninta da bango, domin baƙar roba tana miƙewa da zafi, idan ba ta sami wuri ba sai ta yi tozo a tsakiya doki ya yi tuntuɓe. A tsara mahaɗun kada su faɗo daidai inda ƙafafun baya suke tsayawa. A bakin ƙofa da can gaba a danne ta da ƙarfe mai faɗi da notunan da ake kwancewa cikin sauƙi.

Idan ba a sami robar barga mai zane ba, tsohon bel na injin masana'anta yana aiki, sai dai fuskarsa sumul take. A gwada kafin a saya: a zuba ruwa a kai, a taka da takalmi a tura ƙafa, idan ta zame to dokin ma zai zame, sai an yi masa tsaga-tsaga da injin gurza ko an zuba abin shan ruwa a kai. A duba kuma kada ya zama mai waya a ciki, haka ma tsohuwar taya da wasu suke tsagawa su shimfiɗa, domin wayar tana fitowa ta yi rauni. Siririyar ledar daɓen ɗaki da kafet kuwa nannaɗewa suke yi a ƙarƙashin kofato.

Wanda ba shi da halin roba ko kaɗan, zai iya zuba rairayi mai kaurin santimita 5 a kan tsofaffin buhuna, kamar yadda masu ɗaukar shanu suke yi. Ya dai sani cewa a bodin misalinmu wannan rairayi ya haura tan ɗaya, kuma dole a kwashe shi ranar da aka dawo. Ciyawa kuma a rataye ta cikin raga, kada doki ya ci daga ƙasa, domin rairayi yana taruwa a hanjinsa ya kawo ciwon ciki.

Mataki na 7: Gadar hawa

Da yawa a nan tudu ake nema a jingina mota a hau da doki, wanda yake yiwuwa a gida amma ba kullum ake samun tudu a inda aka je ba. Idan za a yi gada, a yi ta da irin katakon daɓe a kan firam na ƙarfe, a rufe da roba, a gitta mata sanduna masu kaurin santimita 2 zuwa 3 a kowane santimita 25 zuwa 30. Dokar Turan da aka ambata ta hana gangaren ya wuce digiri 20 ga dawaki, wanda a aikace yake nufin idan daɓe ya yi mita ɗaya daga ƙasa, gadar ta kusa mita 3. A rufe ramin da ke tsakanin gada da bakin bodi da ɗan katako ko roba mai naɗewa.

Mataki na 8: Ranar tafiya

A zuba ɓawon katako mai kauri irin na injin fira a bayan inda dawaki za su tsaya, don ya shanye fitsari. Garin zarto mai laushi da buntu suna tashi da iska a buɗaɗɗiyar mota su shiga ido da hanci, don haka idan su kaɗai ke akwai a yayyafa musu ruwa kaɗan. Karan gero yana santsi. Kafin a hau da doki, mutum ya zaga cikin bodin yana taka kowane wuri da dunduniya da ƙarfi, ya kuma leƙa ƙasan mota da tocila.

Mataki na 9: Wanki bayan an dawo

Wannan shi ne matakin da ake yi wa sakaci, domin ana dawowa ne da dare a gajiye, washegari kuma kowa ya kama harkarsa, mota ta yi mako da kashi da fitsari a ciki. Bushewar garinmu tana ruɗar mutane, su ga saman roba ya bushe cikin awa ɗaya su ɗauka an gama, alhali ƙarƙashinta yana nan jiƙe. A kwashe kashi da ɓawon katako a ranar, a fitar da robobin a jingina su a bango, a bi tazarar katako da sukundireba a fitar da dattin da ya toshe ta. Sanin kowa ne ruwa yana wuya a Zinder, musamman da bazara, to ba sai an yi ambaliya ba: idan aka share da kyau tun a bushe, jarka huɗu ko biyar sun isa, biyu da sabulu a goge da tsintsiya, saura a ɗauraye. A ajiye motar gabanta a ɗan tudu don ruwan ya gangaro baya, kada kuma a mayar da roba sai katako ya bushe sarai. Idan motar za ta daɗe ba tafiya, robobin su zauna a waje cikin inuwa.

Duk lokacin da aka ɗauki dokin wata barga, ko wanda yake tari ko zubar da majina, a bi wankin da girezil gwargwadon yadda aka rubuta a jikin gwangwanin, a ɗauraye, a bar warin ya fita kafin a sake ɗaukar dabba. Masu dawaki ba su manta murar da ta bazu cikin jakuna da dawaki a Nijar da arewacin Najeriya a 2019 ba, kuma motar haya tana cikin hanyoyin da irin wannan cuta take bi daga gari zuwa gari. Wanda zai yi amfani da ruwan jabel, wato bilic, kada ya zuba shi a kan fitsarin da ba a wanke ba, domin haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba, kuma ya ɗauraye shi sosai saboda yana cin ƙarfe.

Mataki na 10: Dubawa da sauya abin da ya lalace

Sau ɗaya a wata, da kuma kafin kowace doguwar tafiya, a ɗaga roba a soki katako da sukundireba daga sama, sannan a kwanta a ƙarƙashin mota a soke shi daga ƙasa. Wuraren da aka fi samun ɓarna su ne inda ƙafafun baya suke tsayawa, daidai ƙarƙashin cikin doki inda ingarma yake fitsari, jikin bango, kewayen kan ƙusa, da inda katako ya kwanta a kan ƙarfe. Katako mai lafiya ba ya barin bakin sukundireba ya shiga. Idan ya nutse rabin santimita ba tare da an matsa ba, ko wurin ya yi baƙi yana fitar da zare-zare, ko guduma ta ba da sautin rami, a cire katakon gaba ɗayansa, kada a yi masa faci da guntu. A duba maƙwabtansa biyu da ƙarfen da ke ƙasa kafin a sa sabo.

Notuna suna da lokutansu. A sake ɗaure su bayan tafiya ta farko da sabon daɓe, sannan a tsakiyar hunturu lokacin da katako ya gama tsukewa, wato wajen Janairu. Kafin faɗuwar damina, cikin Mayu, a sake shafa baƙin fenti a ƙasan katako da ƙarafa. Motar da ba ta fita sai salla zuwa salla ita gara ta fi samu, domin tana bin taya ko wani kara da aka jingina ta hau. A ajiye ta a kan daɓen siminti ko tsakuwa, a nisanta ta da tarin kara da itace, a riƙa gusa ta duk mako biyu, kuma duk lokacin da aka ga siririn layin ƙasa yana hawa jikin taya ko shasi, a kankare shi, a bi shi har inda ya tsaya a cikin katako, a soki wurin da sukundireba.